Rigimar Karen Maƙwabci: A Nemi Katin Allura, Kada A Nemi Guba

'Yan uwana Hausawa mazauna Kurmi, maganar da na zo da ita yau na san ba za ta yi wa wasu daɗi ba, musamman samari sa'o'ina masu saurin hawa. Maganar kare ce. Ba karen mafarauta nake nufi ba, ko wanda Bafulatani ke ajiyewa a ruga don ya tsare masa shanu. Ina nufin karen maƙwabci, wanda ake kiwo a cikin gidan haya, a raɗa masa suna, a saya masa kwano, a yi masa wanka da sabulu, alhali a gidan nan akwai iyali shida ko takwas da ke ɗibar ruwa a famfo ɗaya. Abin da nake son faɗa ba shi da yawa. Duk wanda ya zuba wa karen maƙwabcinsa guba ya cuci duk wani Bahaushe da ke unguwar, kuma duk wanda ya mai da rigimar kare ta koma ta addini ko ta ƙabila ya zubar mana da hujja da hannunsa. Muna da haƙƙi a kan mai kare, babban haƙƙi ma kuwa, amma akwai hanyar da ake bi a karɓe shi.

Yadda Zaman Yake

Tun 1916 aka kafa Sabo a nan Badun, kakanninmu suka zauna da fataucin goro da na shanu. Wanda ya tashi a cikin Sabo ya san ba a kiwon kare a gida, don haka ba mu gaji wannan rigima ba. To amma Sabo ta cika ta batse. Yau ɗan Sabo in ya yi aure sai ya fita neman ɗaki a Mokola ko Sango ko Ojoo ko wajen Bodija, inda zai zauna da Bayarabe da Ibo da ɗan Edo, Musulmi da Kirista da mai addinin gargajiya. Haka abin yake a Agege da Idi-Araba a Ikko, haka a Shagamu da Anacha da Fatakwal. Gida ɗaya, ɗakuna suna kallon juna, baranda ɗaya a tsakiya, banɗaki ɗaya, igiyar shanya ɗaya. A irin wannan gida ne wani zai shigo da ɗan kwikwiyo a kwali, yara su yi ta wasa da shi ana dariya, bayan wata shida a wayi gari ya zama ƙato mai kai kamar na zaki.

Koke-koken mutanenmu gaskiya ne, ban zo in ƙaryata ko ɗaya ba. Kare ya sa baki a bokitin da uwargida ta tara ruwan girki. Ya lashi buta. Ya yi kashi a inda jarirai ke rarrafe, mai shi kuma ya bar shi nan har rana ta yi tsaka. Dattijo ya fito zai tafi sallar Asuba, kare ya taso masa a duhu, ya faɗi ya gurɗe. Kaska ta cika jikin bango. In ka yi magana kuma amsa ɗaya ce kullum, wai karen ba ya cizo. Duk karen da ya taɓa cizon mutum, ai kafin ranar mai shi cewa yake ba ya cizo. Ga kuma masu ɗaure kare a rana da gajeriyar sarƙa, ba ruwa ba inuwa, su kulle ɗaki su tafi aiki, ya wuni yana kuka, da dare a sake shi cikin yunwa da fushi. Irin wannan shi ya fi kowane hatsari.

Saboda haka matsala akwai ta. Inda na rabu da wasunmu shi ne wajen sunan da suke ba matsalar, da kuma maganin da suke kawowa.

Maganar Najasa

Da zarar rigima ta tashi, kalmar farko da ke fita bakin mutanenmu ita ce najasa. Mai karatu, in ka zauna gaban malamin zaure ka ɗauki Ahalari da Iziyya da Risala, ka san mazhabar Imamu Malik muke bi. A mazhabar nan duk abu mai rai tsarkakakke ne, har da kare, kuma gumi da hawaye da yawun mai rai ba najasa ba ne. Haka yake a Mukhtasar na Shaihu Halilu, wanda manyan malamanmu ke karantarwa. Wanke ƙwarya sau 7 in kare ya sha a ciki, malaman Malikiyya sun ɗauke shi umarni ne da ake bi don bauta, ba don ruwan ya zama najasa ba. Masu cewa kare najasa ne mai kauri, a wanke sau 7 ɗaya da ƙasa, su ne Shafi'iyya da Hambaliyya, kuma suna da hujjojinsu. Wanda ya bi su ya tsare jikinsa da tufarsa bai yi laifi ba. Amma mutum ya tsaya a tsakar gida yana ihun najasa a kan abin da malamai suka yi saɓani, yana faɗa wa wanda ko addinin ba su haɗa ba, wannan ba ya kawo gyara. Abin da maƙwabci zai ji kawai shi ne ana kiransa ƙazami shi da iyalinsa.

Gaskiya ne Risala ta hana ajiye kare a gidajen gari, sai don gona ko dabbobi ko farauta, kuma hadisi ya zo cewa wanda ya ajiye ba don waɗannan ba ladansa na raguwa kullum. Wannan hukunci ne a kanka kai Musulmi, kada ka ajiye. Ba izini ba ne aka ba ka ka zartar a kan dukiyar wani. Ita Risalar ce kuma ta ce wanda ya kashe karen da aka yarda a ajiye sai ya biya ƙimarsa. Masu sharhin littafin sun kawo cewa shi kansa mai Risala, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan wanda ya rasu a 996, da katangar gidansa ta faɗi a lokacin tsoro, kare ya ajiye. Da aka tuna masa Imamu Malik ya ƙi haka, sai ya nuna cewa da Malik ya riski zamaninsu da zaki ma zai ajiye. To in malami irin wannan ya yi wa tsoro uzuri, me zai hana mu fahimci maƙwabcin da ɓarayi suka fasa wa ɗaki sau biyu ya je ya sayo kare?

Kada mu manta kuma, a Buhari da Muslim akwai labarin mutumin da Allah Ya gafarta wa saboda ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, da labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha. Mun haddace waɗannan tun muna makarantar allo. Mai cusa fiya-fiya a cikin nama ya jefa wa dabba, ta kwana tana birgima tana kumfa, da wanne daga cikin mutanen nan biyu ya fi kama?

Abin Tsoron Na Gaskiya

Abin da ya kamata ya hana mu barci shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum wajen 59,000 duk shekara, kusan duka a Afirka da Asiya. Kusan kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa daga kare suke samu, kuma wajen kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ƙwayar cutar tana cikin yawun karen, tana shiga ta cizo ko yakushi ko in ya lashi wurin da fata ta buɗe. Daga nan ta bi jijiya a hankali zuwa ƙwaƙwalwa. Yawanci wata 2 zuwa 3 take yi kafin ta nuna, tana iya yin sati ɗaya, tana iya kai shekara. Rauni ya warke, kowa ya manta, sai a ga yaro da zazzaɓi da firgita, ya ga ruwa ya kasa haɗiya. In aka kai nan, kusan babu mai tashi.

Amma ciwo ne da ake tare shi gaba ɗaya in an yi sauri. Tun 1885 Louis Pasteur ya fara yi wa mutum allurarsa a Faransa, shi ya sa ma aka ware 28 ga Satumba, ranar da ya rasu, don faɗakarwa a kan ciwon duk shekara. In kare ya ciji yaro, abu na farko a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, a duba agogo, ba ɗauraya ba. Daga nan sai asibiti a ranar, a fara allurar riga-kafi, a koma bayan kwana 3, a koma bayan kwana 7, a ci gaba yadda likita ya tsara. In cizon ya yi zurfi akwai wata allurar dabam da ake yi a bakin raunin. Masu cewa a ƙona gashin karen a shafa, ko a ɗaure wurin da tsumma a jira a gani, wallahi da ran yaro suke wasa.

Shi kuma karen, allurarsa ita ce katangar gidan duka. Ana fara yi masa yana wata 3, a riƙa sabuntawa duk shekara, likitan dabbobi ya rubuta a kati ya sa hannu. Masana sun nuna in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura, yaɗuwar ciwon tana yankewa. Ba abu ne mai nisa ba. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato, wadda take nan tun 1924, tana haɗa wannan allura. A nan Badun asibitin dabbobi na gwamnatin Oyo yana Mokola, da ƙafa ma ana zuwa daga Sabo, ga kuma na koyarwa a Jami'ar Ibadan. Saboda haka tambayar da za ka yi wa mai kare ita ce ina katin allurarsa, kuma yaushe aka yi ta ƙarshe. Wannan tambaya fasto zai goya maka baya a kanta, limami zai goya, mai gidan haya da ɗan sanda da alƙali duk za su goya, har matar mai karen in tana da ƙananan yara.

Me Guba Ke Jawowa?

Na farko, guba tana shafe shaida. In kare ya ciji mutum, ƙa'ida ita ce a killace shi a sa masa ido kwana 10. In ya cika kwanakin nan lafiya ƙalau, an san ba ya ɗauke da ciwon a yawunsa ranar da ya yi cizon, hankalin iyaye ya kwanta. Ba a jiran kwana 10 kafin a fara wa yaro allura, farawa ake yi nan take, amma lafiyar karen ita ke gaya wa likita inda aka dosa. In kuma ya mutu ko ya haukace, likitocin dabbobi su ɗauki kansa su gwada ƙwaƙwalwar, a nemo duk wanda ya taɓa ciza ko lasa. Wanda ya kashe shi da dare ya jefa a kwata ya bar iyayen yaro cikin zullumi na wata da watanni.

Na biyu, mai karen ba zai daina kiwo ba. Sati biyu zai sayo wani kwikwiyon da ba a san asalinsa ba, ba allura, ga gaba ta ƙullu. In wanda aka kashe mai allura ne, an cire katanga an sa ƙofa a buɗe.

Na uku, guba ba ta san wanda aka nufa da ita ba. Naman da aka jefa bayan ɗaki, kazar wa za ta fara tsattsaga? Akuyar wa? Ɗan wa ke rarrafe a wurin da hantsi yana kai komai baki?

Na huɗu, doka. Kundin laifuffuka da ake aiki da shi a Kudu, sashe na 495, ya haramta zaluntar dabba, har da ba ta guba da gangan. Sashe na 450 kuma ya ce wanda ya kashe dabbar wani da gangan ba bisa doka ba, in irin su kare ne, ɗaurinsa na iya kai shekara 2. Wato kai da ka fara da gaskiya a hannu, kai za a wayi gari kana bayan kanta, mahaifinka yana yawon neman mai tsaya maka beli. Wannan sashe na 495 kuwa da shi za ka iya kama mai karen da ke barinsa a rana ba ruwa.

Na biyar shi ne ya fi damuna. Mu baƙi ne a idon mutane da yawa ko da a nan aka binne cibiyar kakanmu, kuma mun san yadda ƙaramin abu ke zama wuta. A Shagamu cikin Yulin 1999, maganar fitar mace ce a daren bikin Oro, aka yi asarar rayuka, ramuwa ta kai har Kano. A Mile 12 cikin Maris na 2016, daga rigimar ɗan acaba aka fara. A Shasha, nan kusa da mu, cikin Fabrairun 2021, cacar baki ce tsakanin ɗan dako da wata mai shago a kan tumatirin da ya zube, wani mai gyaran takalmi ya shiga ya rasa ransa, kafin a ankara an ƙone shaguna da gidaje, an kashe mutane, gwamnati ta rufe kasuwa, sai da gwamnonin Arewa suka yi takakkiya zuwa Badun. Mutanen da suka yi asarar jarinsu a Shasha, nawa ne a cikinsu suka san ma an zubar da tumatir? In aka tsinci gawar kare da safe, ba za a ce wane ya kashe ba, cewa za a yi Hausawa sun fara sa guba a unguwa. Wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Na san abin da za a ce mini, ai hadisi ya halatta kashe kare mai cizo. Haka ne. Kare ya taso wa ɗanka, ka ɗauki abin da ke kusa ka kare shi, ba mai zarginka a shari'a ko a doka. Mahaukacin kare da ke bin mutane a titi kuwa dole a gama da shi, a kira hukuma su ɗauki kan. Amma wannan dabam, mutum ya zauna ya shirya nama da guba saboda haushi ya dame shi ko saboda sun yi cacar baki da mai shi, wannan dabam. Na biyun huce haushi ne a kan dabbar da ba ta san an yi faɗa ba.

Akwai kuma darasi a abin da ya faru a Sango Ota ta jihar Ogun cikin Agustan 2016, lokacin marigayi Muhammadu Buhari yana mulki. Wani ɗan kasuwa ya sa wa karensa suna Buhari, ya rubuta a jikinsa, a unguwar da Hausawa ke da yawa. Maƙwabcinsa ya kai ƙara, ya ce sunan mahaifinsa ke nan. Aka kama mai karen, aka kai kotu, jaridu suka ɗauka har ƙasashen waje, a 2017 kotu ta kori ƙarar. Duk Bahaushe ya san zafin a sa wa kare sunan ubanka, kuma mai karen bai kyauta wa zaman tare ba. Amma dubi yadda aka ƙare. Duniya ta tausaya wa mai kare, mu aka kalla a matsayin marasa haƙuri. Ƙarar da aka gina a kan jin zafi haka take ƙarewa. Wadda aka gina a kan tabon cizo da katin da ya ƙare aiki, ba mai iya juya ta.

Abin Da Na Gani Da Idona

Daminar da ta wuce, a gidan da yayata ke haya, karen wani maƙwabcinsu Bayarabe ya cafki ɗanta mai shekara 7 a sha-raɓa wajen famfo. Kafin a ce me, samari sun taru a ƙofar gida da sanduna, wani yana cewa a bar shi da shi, zuwa dare zai yi maganin abin. Mai karen ya kulle kansa da karen a ɗaki, matarsa tana waya tana kiran 'yan uwanta. Aka kira Baba daga Bodija, ya bar buhunan wake ya hawo acaba. Da ya iso bai kalli ɗakin mai karen ba, ya sa aka kawo sabulu, ya tsaya a kan yaron ana wankewa, sannan ya sa mijin yayata ya wuce da shi asibiti. Sai ya juyo kan samarin ya ce, "Ku 'ya'yan nan, in kun kashe shi, wa zai gaya mana ko yana da hauka? Jikana ne ko naku? Kowa ya ajiye sandarsa."

Bayan Magariba ya nemi mai gidan hayar, suka ƙwanƙwasa ƙofar mutumin tare. Da Yarbanci suka yi magana. Baba ya gaishe shi ya ce, "Baba, ba faɗa ya kawo ni ba, katin allurar karen nan nake son gani." Mutumin ya ce, "Alhaji, ku yi haƙuri, ba ya cizo, yaron ne ya taka masa jela." Baba ya ce ya ji, amma dai a kawo katin. Da aka kawo, an fi shekara biyu ba a sabunta ba. Nan jikin mutumin ya yi sanyi, domin shi ma yana da jikoki a ɗakin. Aka yi yarjejeniya a rubuce gaban mai gida: kare zai zauna a keji kwana 10 likitan dabbobi yana dubawa, bayan nan a yi masa allura, ba zai ƙara zuwa wajen famfo ba, kuma mai shi zai biya kuɗin asibiti. Rabin kuɗin kawai ya biya, har yau matarsa da yayata gaisuwarsu sama-sama ce. Amma karen ya cika kwanakinsa lafiya, yaro ya gama allurarsa yana zuwa makaranta, ba a ƙona ɗakin kowa ba, ba wanda ya kwana a ofishin 'yan sanda.

In Ɓera Da Sata

Kafin mu ɗaga murya, mu tuna daddawa ma da wari. Sati biyu kafin Babbar Sallah, wa ke ɗaure rago a baranda ɗaya tilo da kowa ke bi? Wa ke barin akuya ta cinye wa maƙwabciya ganyen da ta shuka a bayan ɗaki? Ranar Layya jini da tumbi ina suke bi in ba kwatar da ta ratsa ƙofar kowa ba? Maƙwabtan nan suna haƙuri da mu, wasu har su taya mu fiɗa, mu aika musu nama su karɓa da godiya. Wanzami ba ya son jarfa. In muna son a sa wa kare doka a gidan haya, mu yarda dokar ta hau kan ragonmu da akuyarmu, a share, a ɗaure, a biya ɓarna. Ranar da muka fara da kanmu, bakin mai kare ya mutu.

Ku kuma 'yan uwa da kuka fara sha'awar kiwon manyan karnukan Turai don gayu, domin akwai ku a cikinmu yanzu, maganar nan ta fi hawa kanku. Ga hukuncin addini a wuyanku, ga haƙƙin maƙwabci, ga haƙƙin dabbar. In ba ka da fili mai katanga da kuɗin abinci da na likita, bar shi.

Abin Da Za Mu Nema

Abu biyar ne, kuma ba wanda ya shafi addinin kowa. A nuna katin allura mai aiki, a sabunta duk shekara. Kare ya zauna a keji ko wuri mai shinge da inuwa da ruwa, in za a fito da shi a riƙe da sarƙa, mai faɗa a sa masa takunkumi. Kada ya kusanci famfo da madafa da wurin shanya da wurin sallah. Mai shi ya kwashe kashinsa tun da sassafe, ya yi maganin kaska. In ya yi cizo ko yakushi, kuɗin asibiti a kan mai shi, kare kuma a killace kwana 10.

Hanyar nema kuma daki-daki ce. A fara da mai karen shi kaɗai cikin mutunci, ba a gaban matarsa da yaransa ba, kuma babba ya je, kada a tura yaro mai zafin kai. In bai ji ba a kai wa mai gida. In ya gagara a kai ƙungiyar masu gidaje ta unguwa, ko Sarkin Hausawa ya yi magana da Baale, ai don irin wannan ake da su. Bayan nan akwai jami'an duba-gari na ƙaramar hukuma da ofishin likitan dabbobi, sannan 'yan sanda. A riƙa ajiye takardar asibiti da hoton rauni da kwanan wata. Mai neman sabon ɗaki kuma ya tambaya tun kafin ya biya kuɗin shekara ko akwai kare a gidan, a rubuta sharuɗɗan a takardar haya. In duk an bi an rasa, kuma zuciyarka ba ta natsu da zama gida ɗaya da kare ba, tashi ka nemi wani gidan. Asarar kuɗin ɗaukar kaya ta fi sauƙi a kan abin da muka gani a Shasha.

Ina roƙon limamanmu na Sabo da sauran zango-zango su ɗauki wannan magana a huɗuba da wajen karatu, su faɗa wa mutane abin da littattafanmu suka ce, su kuma koya wa iyaye mata wankin minti 15 ɗin nan, domin su ne a gida lokacin da abin ke faruwa. Shugabannin matasa kuma su ja kunnen masu ganin jarumta ce a jefa nama da dare. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Mala'ika Jibrilu bai gushe yana yi masa wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci za a ba shi gado, kuma ba a ware cewa sai maƙwabcin da ba ya kiwon kare ba.

Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya zaunar da mu lafiya da waɗanda muke zaune da su, Ya ba mu kasuwa mai albarka, amin. Wassalamu alaikum.